Ciwon da Kwalta Ke Ɓoyewa

A arewacin Yusufari, a jihar Yobe, kwalta kan ƙare ba tare da sallama ba. Abin da ke gaba sai rairayi, da tuddan da iska ke ɗauka daga nan ta sauke can, da sawun motar da ta wuce jiya, in har iskar dare ba ta share shi ba. Mutanen ƙauyukan da ke can ciki, wajejen Tulo-Tulo da Bulatura har zuwa bakin iyakar Nijar, da motocin a-kori-kura suke cin kasuwa, da su suke fitar da kanwa, da su kuma suke kai mara lafiya wurin likita. Motar da ba ta ja da ƙafa huɗu ba ta da abin yi a can.

Wani direba, matashi da bai cika talatin ba, ya shekara huɗu yana bin wannan hanya da wata farar Hilux ƙirar 2008, mallakar wani Alhaji a Gashuwa. Wata safiya cikin Afrilu, zafin bazara na kan ganiyarsa, ya taso daga ƙauye da fasinja goma sha uku da buhunan kanwa, ya nufo kudu. Cikin fasinjojin akwai wata mata da goyon da ya kwana biyu yana amai. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da suka iso gindin wani tudu da direban ya hau fiye da sau ɗari. Ya tsaya, ya taka kuloci, ya jawo ƙaramar sandar da ke gefen babbar giya zuwa 4L, ya ba ta wuta. Motar ta yi kamar taku ashirin, sai aka ji ƙas! ƙas! ƙas! daga ƙarƙashin kujera, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Tayoyin gaba suka daina ja. Na baya suka ci gaba da juyawa su kaɗai, suna tonon rami, har cikin motar ya zauna daram a kan yashi.

Awa bakwai suka yi a wurin, da jarka biyu ta ruwa. Maza suka yi ta tono da hannu, suka rage iskar tayoyi, suka sauke buhuna, suka tura, duk a banza. Aka ɗaura tamfol a jikin motar don mai goyo ta sami inuwa. Sai da la'asar ta yi sanyi wata tsohuwar Land Cruiser ta ɓullo, ta ja su da igiya har inda ƙasa ta yi tauri. Jaririn ya sami ƙarin ruwa da daddare, ya kuma rayu. Amma abin da ya fi tsaya wa direban a rai shi ne abin da ya faru da suka hau kwalta: motar ta miƙe ɗoɗar, babu ƙara, babu gargada, kamar ba ita ce ta wuni a rami ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da kwalta ta ƙaryata shi ba. Makonni uku kafin nan ya gaya wa maigidansa cewa yana jin wani ɗan ƙas-ƙas idan motar ta ɗauki nauyi a yashi. Alhaji ya karɓi makulli, ya zaga gari da ita, ya dawo ya ce lafiyarta lau, direbobi ne dai ba sa rasa abin da za su ce a saya. Alhaji bai yi ƙarya ba. A kan hanyar da ya bi, motar ƙalau take. Ciwon yana cikin wani sashe ne da kwalta ba ta taɓa tambayarsa komai.

Sashen nan akwati ne na alminiyum, bai kai girman jarkar ruwa ba, manne a bayan akwatin giya, kusan daidai ƙarƙashin kujerun gaba. Kanikawa suna ce masa tiransifa. Aikinsa raba ƙarfi. Inji na juyawa, akwatin giya na sarrafa juyin, tiransifa kuma ita ce mararraba: daga cikinta farfela ɗaya ke tafiya aksul na baya, ɗaya ke tafiya na gaba. Idan ƙaramar sanda tana kan 2H, ƙarfin duka baya yake wucewa, tayoyin gaba ana tura su ne kawai. A 4H ana ɗaure gaba da baya su ja tare. A 4L kuwa, bayan ɗaurewar, wasu haƙoran giya a cikin akwatin suna rage saurin juyi kusan ninki biyu da rabi, su ninka ƙarfin ja gwargwadon haka. Shi ya sa motar da ke 4L take rarrafe kamar kunkuru amma ta hau tudun da ya gagari gudu.

A irin Hilux ɗin wannan direba, hanyar da ƙarfi ke bi zuwa baya miƙaƙƙiya ce, sanda ɗaya daga farko har ƙarshe. Zuwa gaba kuwa sarƙa ce ke kai saƙon, sarƙa mai faɗi, wadda ke zagaye ƙafafu biyu masu haƙora. Duk sirrin yana nan. Sarƙar na iya sakwarkwacewa, har ta tsinke, motar ta ci gaba da tafiya a kwalta da tayoyin baya ba tare da wata alama ba. Inji idan ya gaji yakan yi hayaƙi. Birki idan ya cinye yakan yi kuka. Kuloci yakan yi wari. Ita tiransifa takan yi shiru sai ranar da aka neme ta, kuma ba a nemanta sai a wurin da babu gareji.

Washegari direban ya kai motar wurin wani dattijon bakanike a Gashuwa, wanda ya fara koyon aiki tun zamanin da Land Rover ke bin wannan yashi. Dattijon bai ko tada injin ba. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya shafa jikin akwatin ya ga ƙura ta yi masa baƙin laka a wajen da farfelar gaba ke fita.

"Yaro, yaushe rabonka da duba man tiransifa?"

"Baba, ai duk wata nake juye baƙin mai."

"Ban tambaye ka inji ba."

Direban ya yi shiru. A shekara huɗu bai taɓa sanin akwatin yana da nasa man daban ba. Ya ɗauka daga akwatin giya yake sha.

Noti biyu ne a jikin tiransifa, na sama na ɗura mai, na ƙasa na zubarwa. Dattijon ya fara kwance na sama, kuma kowane bakanike na gari haka yake yi, domin wanda ya fara da na ƙasa ya zubar da man, sannan ya tarar na sama ya cije, ya mayar da motar da ta zo da ƙafarta gawa. Ya zura ɗan yatsa. A ƙa'ida man yakan tsaya ne daidai bakin ramin, yatsa na shiga ya jiƙe. Nasa ya fito a bushe. Da ya kwance na ƙasa, abin da ya tsiyayo cikin kwano bai cika kofin shayi ba, daga akwatin da ke ɗaukar kusan lita guda. Launinsa ma ba na mai ba ne. Ya yi fari-fari kamar shayi mai madara, ga wani ƙyalƙyali a ciki idan aka karkata kwanon ga rana.

Dattijon ya karanta kwanon nan kamar wasiƙa. Ƙarancin man daga robar da ke tare bakin farfela ne, wadda yashi ya ci har ta fara yoyo, ɗigo-ɗigo, ƙura na shanyewa kafin ya kai ƙasa. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe ne, na sarƙa da na boris. Farin kuwa ruwa ne. Ya tambayi direban ko ya tsallaka ruwa da damina. Sai ya tuna wata rana cikin Agusta, a fadamar da Komadugu Yobe ke malalowa, ruwa ya kai masa har ƙofa. A saman tiransifa akwai ƙaramar kafar shan iska, domin mai da iskar ciki su sami wurin numfashi idan sun yi zafi. Akwatin da ya ɗau zafi idan ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, ya zuƙi abin da ke bakin kafar ko ta gefen robar da ta gaji. Ruwan da aka sha a Agusta ya zauna ciki wata takwas, yana cakuɗa da mai, yana sa wa boris tsatsa. Abin da ya kayar da motar a tsakiyar bazara, a wurin da babu ɗigon ruwa, da damina aka shuka shi.

Amma ruwa da ƙarancin mai ba su kaɗai suka saki sarƙar ba. Dattijon ya fito, ya zaga motar, ya tsaya yana kallon tayoyi. Na baya sababbi ne, kuma sun ɗan fi na gaba girma; na gaba sun suɗe. Alhaji ne ya sayi biyu a lokacin da kuɗin huɗu suka yi masa yawa, ya kuma ɗauki lambar da ya samu a kasuwa. Ga motar da ke ja da baya kaɗai, wannan ba wani abin tada hankali ba ne. Ga motar da aka ɗaure gabanta da bayanta, babban al'amari ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

A tsakiyar kowane aksul akwai wani tulun giya da ke ba tayar hagu da ta dama damar juyawa da sauri daban-daban, shi ya sa mota ke shan kwana ba tare da tayar ciki ta goge ƙasa ba. Amma a irin waɗannan a-kori-kura babu makamancinsa tsakanin gaba da baya. Da zarar an sa 4H, dole farfelolin biyu su yi juyi iri ɗaya, ko tayoyi sun so ko sun ƙi. To, a duk kwana, tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. Idan kuma girman tayoyin ya bambanta, ko a miƙaƙƙiyar hanya ma saɓanin bai tsayawa. Lissafin ba shi da wuya: tayar da tsayinta ya kai santimita 75, idan ta fi 'yar'uwarta da santimita ɗaya da rabi, bambancin kashi biyu cikin ɗari ke nan, wato mita 20 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 30, mita 600 ne da dole a biya su a wani wuri. A yashi, taya takan ɗan zame ta biya bashin, babu wanda ya ji. A kwalta taya ba ta zamewa da sauƙi, sai bashin ya taru a cikin ƙarafa, farfela ta murɗe, sarƙa ta ɗaure tamau, har sai wata taya ta fizge da ƙarfi, sannan a sake sabon taro.

Direban ya amsa laifinsa a nan ba tare da an matsa masa ba. Sau da yawa idan ya fito daga yashi ya hau kwalta, sandar takan ƙi komawa 2H, sai ya ƙyale ta har Yusufari, wani lokaci har Gashuwa, yana cewa in ta huce za ta fita. Bai san ƙin fitar nan shi ne motar ke gaya masa cikinta a ɗaure yake ba. Maganin kuwa bai wuce a tsaya, a ɗan ja da baya 'yan taku a miƙe, ƙarafan su saki, sanda ta fita da yatsa biyu. Mafi kyau ma a cire tun ƙafafun suna kan yashi. Sarƙar ƙarfe ba roba ba ce da za ta miƙe. Abin da ke faruwa shi ne ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa kaɗan-kaɗan, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo, har jimillar ta isa ta tsallake haƙori idan nauyi ya yi yawa. Tsallaken nan shi ne ƙas-ƙas ɗin da aka ji a gindin tudu. Da dattijon ya buɗe akwatin, sai ga sawun sarƙar a jikin alminiyum, inda ta yi ta bugu tana ƙwaƙule shi. Da an ƙara wata guda, da ta huda shi.

Akwai wani mai laifi na uku da ba ya cikin garejin, shi ne sunan da motar ta yi. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, an daɗe da yanke hukunci cewa Hilux ba ta mutuwa. Sunan ba a banza ya samu ba. Toyota ta fara ƙera ta a 1968, mai jan ƙafa huɗu ta fito a 1979, kuma a 1987 duniya ta ga abin da a-kori-kurar kamfanin suka yi a arewacin Chadi, lokacin da sojojin Hissène Habré suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka raɗa wa yaƙin sunan Toyota. Sai dai yabo irin wannan yana da illa. Motar da aka yarda ba ta mutuwa, ita ce wadda ba a leƙa ƙarƙashinta. Mai Fijo ya san dole ya riƙa lallaɓa motarsa. Mai Hilux yana ganin ya riga ya biya kuɗin kwanciyar hankali tun ranar saye. Ƙarƙon gaskiya ne, amma abin da yake nufi shi ne akwatin zai jure sakaci na shekaru kafin ya faɗi, kuma tsawon jimirin ne ke sa a manta da shi. Can arewa, a hamadar Tenere, farashin lalacewar mota ya wuce wuni a rana: a tsakiyar 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta tsaya.

Direbobin yashi sukan ce ai matsalar sarƙa ce, Land Cruiser ba ta san wannan ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Jerin Land Cruiser 70, wanda aka fara a 1984 kuma har yau ake ƙera shi, haƙoran giya ne zalla a tiransifarsa, babu sarƙar da za ta saki, shi ya sa tsofaffinsu ke jan sababbin motoci daga rami. Amma haƙori ma mai yake ci. A tsofaffin Land Cruiser akwai wani ciwo da ya fi yoyo wayo: robar da ke tsakanin akwatin giya da tiransifa takan gaji, mai ya riƙa ƙaura daga wannan zuwa wancan, ɗaya ya cika ya batse, ɗaya ya bushe, ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Wanda ke duba ƙarƙashin mota da ido kawai ba zai gani ba, sai mai kwance noti.

Sababbin Hilux, daga ƙirar 2015, sun yar da ƙaramar sanda, sai maɓallin murɗawa a gaban direba da ɗan injin lantarki a jikin akwatin yana yin aikin hannu. Ya fi daɗi, amma ba ya son zama. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da irin waɗannan motoci ya nemi a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata, domin mai ya zaga sassan gaba. Nawa ne cikin fararen Hilux ɗin ofisoshi, waɗanda rayuwarsu duka tsakanin gida da sakatariya take, suka taɓa ganin haka? Su ne kuma ake gwanjonsu bayan shekaru, ɗan kasuwa ya saya yana murna ya sami wadda ba ta sha wahala ba, ya tura ta ƙauye da sashen da bai taɓa motsawa ba.

Kula da akwatin kuwa ba ta da yawa, kuma araharta ce abin takaici. Man giya ne mai kauri, irin wanda ake rubuta wa 75W-90, ga ƙirar wannan direba. Wasu motocin, musamman na Amurka, man giyar otomatik suke sha, sababbin Hilux kuma suna da nasu mai tsinkakke, don haka ba kowane jan galan ake ɗurawa ba. Ga motar da ke aikin wahala, canji a kowace kilomita 40,000 shi ne abin da aka saba. Dattijon bai yarda da lissafin kilomita ba, tunda rabin motocin da ke zuwa wurinsa agogonsu ya daɗe da tsayawa. Nasa lissafin na yanayi ne: a juye bayan kowace damina, a zura yatsa duk ranar da aka canja baƙin mai, in an tsallaka ruwa mai zurfi kuma kada a kwana biyu ba a duba launi ba.

Saura maganar gyara, ita kuma ta Alhaji ce. Ya zo garejin da yamma, aka nuna masa kwanon da sarƙar. Hanya uku dattijon ya shimfiɗa masa. A sayi sabuwar sarƙa da boris da robobi a sake ɗinke akwatin. Ko a aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a sayo tiransifa ta hannu sukutum, da sharaɗin wanda aka aika ya kwance noti ya ga mai, ya sa ta a 4H ya riƙe bakin baya ya murɗa na gaba ya ji yawan wasan da ke tsakani. Ta ukun ita ce wadda mutane da yawa ke bi a ɓoye: a cire farfelar gaba, a rufe zancen, mota ta koma mai ja da baya, fitilar gaban direba na iya ci gaba da kamawa kamar komai na aiki. Alhaji ya tambayi kuɗin kowacce, ya daɗe a kan ta ukun.

"Alhaji, in za a yi haka, a mayar da ita hanyar Nguru," in ji direban, kansa a ƙasa. "Ni dai ba zan sake shiga da mutane yashi da ita ba."

Shekara huɗu yana wa mutumin nan aiki bai taɓa ce masa a'a ba. Alhaji ya dube shi, ya dubi dattijon, dattijon ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Kuɗin motar a yashi yake, ba a kwalta ba, inda ƙananan motoci suka yi yawa. Wannan kowa a wurin ya sani. Aka tsaya a kan sabuwar sarƙa. Aka kuma tsaya a kan cewa za a riƙa cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin daga abin da direban ke samu, saboda tafiyar da ya yi ta yi a kwalta da ƙafa huɗu. Maganar tayoyi, wadda ta Alhaji ce, ba a sa ta a lissafi ba, ko da yake bayan mako biyu an ga sababbi guda biyu a gaba, lamba ɗaya da na baya.

Motar ta koma hanya kafin ruwan farko. Yanzu, a inda kwalta ke ƙarewa, akwai wani ɗan tudu a gefen hanya da ba dole ne a hau shi ba. Direban yakan karkata ya hau shi da lodinsa a 4L, gilashi a sauke, rediyo a kashe, kunnensa a ƙasa. Fasinjoji kan yi gunaguni cewa yana ɓata musu lokaci, rana na yi. Yakan ce su yi haƙuri, ya sauko ta ɗaya gefen, ya mayar da sandar 4H, ya kama sawun motar jiya.